Hannun Hayatu

"A yanke hannun kawai, Dokta. Shi ya fi araha."

Tiren allura ya kusa suɓuce mini. Malam Mahamman ne, mai riƙe da kuɗin ɗan asibitinmu a Garwa, yake magana kamar mai cinikin albasa. Hannun da yake nufi kuwa na Hayatu ne, mahaucin da muke soyayya da shi shekara biyu.

Wuƙa ce ta yanke shi a mayanka. Kwana goma sha ɗaya ina yi masa allurar fenisilin, ciwon sai ƙara ruɓewa yake.

Dokta Eugène ya cire tabarau. "Ƙwayoyin cutar sun daina jin fenisilin. Mutum biyar ke nan a ɗakin maza. Akwai sabon magani a Duwala..."

"Mai tsada ninki goma!" in ji Mahamman. "Masu jinyar sati ɗaya sun koma wata guda a gado. Kuɗin maganin bana ya ƙare tun watan takwas. Da me zan saya?"

Gaskiya ya faɗa. Amma sau biyu yana zuwa gidanmu zance ina ƙin fitowa, kuma shi ya kai wa Babana labari wai hannun Hayatu ya riga ya mutu. Dama Baba ya rantse ba zai ba mahauci 'yarsa ba.

Na tarar da Hayatu a jingine, zazzaɓi ya ramar da shi.

"Saudatu, kin yi kuka."

"Ban yi ba."

"Faɗa mini, rabin raina."

Na faɗa masa komai. Ya daɗe yana kallon tsoho Antoine, manomi daga Poli, da ke nishi a gadon kusa.

"Nawa ne maganin mu biyar?"

"Hayatu, naka kaɗai ma..."

"Na mu biyar na tambaya."

Na faɗi kuɗin. Shanu huɗu gare shi, su ya tara don aurenmu.

"A sayar da su duka."

"Auren fa?"

"In na warke ni kaɗai, da wane ido zan fita daga ɗakin nan?"

Yayansa Youssouf ya kai shanun kara, kasuwar shanu. Dillalin da suka faɗa hannunsa Babana ne. Ya tambayi dalilin sayarwa, aka faɗa masa. Ya sayar da shanun, bai karɓi la'adarsa ba.

Bayan kwana shida magani ya iso. Antoine bai jira shi ba, Allah ya yi masa rasuwa ana saura kwana ɗaya. Sauran huɗun suka tashi, sai dai Hayatu ya rasa yatsu biyu.

Ranar da aka sallame shi, na ga Baba tsaye a bakin ƙofa. Ya kama hannun Hayatu ya jujjuya shi.

"Za ka iya riƙe wuƙa?"

"Da hagu zan koya, Baba."

"Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Hayatu ya sunkuyar da kai. "Baba, yanzu ko ɗan maraƙi ba ni da shi."

"Na tambaye ka maraƙi?"

Na juya na rufe fuskata da hular aiki, don kada Baba ya ga dariyata.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura mana aure.