Fasfo Biyu Ana Gobe Tafiya

Ana gobe tafiya fasfo biyu suka ɓace daga ɗakin wasu ɗalibai 'yan Amurka a unguwar Santo Spirito, kafin dare kuma har an tsare mai fentin gidan a kansu.

Sufeto Torrini bai so aikin ba. Juma'a ce, bai daɗe da barin taba ba, komai haushi yake ba shi. Duk shekara in sanyi ya fara janyewa a Firenze, wannan birni na Italiya, haka ake yi. Makarantu su ba da hutun mako guda, yara su ɗauki jaka su ce za su cinye Turai gaba ɗaya, ofishin 'yan sanda ya cika da masu kuka.

"Hawa na nawa ne?" ya tambayi Kofur Amato, wadda ke biye da shi.

"Can sama ne, Yallaɓai. Kuma babu lif, sai matakala."

"Ai dama. Ba a taɓa yin sata a hawan ƙasa ba a garin nan."

Matakalar sai warin fenti take yi. Wata doguwar yarinya ce ta buɗe musu ƙofa, ta ce sunanta Delaney. Tun kafin a tambaye ta ta fara bayani. Ɗayar, Marisol, tana zaune a kan jakar da ta riga ta ɗaure, idonta ya yi ja.

An zazzage aljihun tebur a ƙasa, an ɗaga katifa. A jikin bango ga taswirar Turai, an ja jan layi daga Firenze zuwa Vienna, Prague, Berlin, Amsterdam, har Faris.

Sufeto ya bi layin da yatsa. "Duk wannan a mako ɗaya? Yawon buɗe ido za ku yi ko gudun hijira?"

"Ni na tsara, kuma zai yiwu," in ji Delaney. "Tun farkon zangon karatu nake kai. Jirgi, masauki, inda za a ci abinci, babu abin da na bari. Mu huɗu ne, sauran biyun suna wani gida."

"Ta hana mu sakat," Marisol ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. "Kullum sai ta ce mu nuna mata fasfo. Janar muke kiranta."

"Ina kuka ajiye su?"

"Nawa a ƙarƙashin katifa," in ji Marisol.

"Nawa a aljihun tebur," Delaney ta karɓe. "Da safe muka fita tare. Ita ta tafi aji, ni na wuce tashar jirgin ƙasa, daga can na zauna a ɗakin karatu. Sai da yamma muka dawo muka tarar da haka. Mai fentin nan ne. Yini yake a matakala, ya san lokacin fitarmu."

Sufeto bai zauna ba. Ya duba ƙofa, babu alamar an ɓalle ta. Ya ga kwamfuta biyu a kan tebur, ba a taɓa su ba. Ya leƙa kicin. Agogon da ke jikin tanderun lantarki yana ta ƙyaftawa, ba ya nuna komai sai sifili.

"Haka agogon nan yake da safe?"

Marisol ta girgiza kai. "Da shi na duba lokaci kafin in fita."

Ya ciro alawa daga aljihu ya jefa a baki, ya tauna ta kamar ta yi masa laifi.

A ofis suka sami mai fentin a kan benci. Sunansa Besnik, mutumin Albaniya ne, gashinsa duk ɗigon fenti.

"Ranka ya daɗe, wata mai zuwa zan sabunta takardar zamana. In sunana ya shiga maganar sata, shi ke nan, sai dai in kwashi iyalina mu koma gida. 'Yata a nan aka haife ta, ko yarenmu ba ta iya sosai ba."

"To faɗi gaskiya. Ina kake yau?"

"A matakala, tun safe. Ban motsa ba."

"Madalla. Ashe ka ga ɓarawon ke nan. Ko dai kai ne?"



"Malam, matakala ɗaya ce a gidan," in ji Kofur Amato. "Ko ka gan shi, ko kai ne, ko ba ka wurin. Zaɓi ɗaya, yunwa muke ji."

Ya sunkuyar da kai. "Ba na wurin. Da rana na zame na je na yi wa wani mai shago fentin ƙofa. Maigidana bai sani ba. In ya ji, korata zai yi."

"Da ka dawo fa?"

"Na tarar an ɓata mini aiki. Akwatin mitar wuta da ke zaure, da safe na shafa masa kore. Wani ya buɗe shi fentin bai bushe ba, ya goge gefe guda. Ina cikin zaginsa ne yaranku suka zo suka ɗauke ni."

Sufeto ya miƙe. "Tashi mu koma, Amato."

"Hawan nan kuma, Yallaɓai?"

"Ke da kike yarinya. Ni me zan ce?"

A zauren gidan suka tsaya gaban akwatin. Gaskiya ne, an goge fentin daga gefen marfin, kamar an jingina hannu an ja. Suna cikin dubawa ƙofar da ke kusa ta buɗe, wata tsohuwa ta leƙo da tsintsiya a hannu. Fedora ce, mai gidan.

"In wutar 'yan sama ce ta sake ɗaukewa, ba ruwana. Na gaji."

"Takan ɗauke ne, Gwaggo?"

"Takan ɗauke? Yaro, tun da nake ba 'yan Amurka haya ban taɓa samun mako guda lafiya ba. A ƙasarsu an ce mutum yana kunna komai a lokaci ɗaya, wuta ba ta ce masa uffan. Nan kuwa kai ma ka sani, in ka haɗa tanderu da dutsen guga, mita ta faɗi. Jikana da bai shiga makaranta ba ya san wannan. Su sai su kunna injin wanki, su kunna abin busar da gashi, su ɗora da tanderu, sannan su sauko suna mini ido."

"Yau ta ɗauke?"

"Har sau biyu, bayan cin abincin rana. Ina kwance na ji an sauko a guje, an buga marfin nan, an hau. Ban gama gyara matashi ba aka sake."

"Kin ga ko wane ne?"

"Ina ce maka ina kwance. Ko so kake in ce na gani ta bango?"

Sufeto ya juya ga Kofur Amato. "A garinku ɓarayi sukan tsaya gashin burodi a gidan da suka shiga?"

"A garinmu, Yallaɓai, da tanderun za su tafi."

Suka hau. Sufeto yana haki ya shiga, bai nemi izini ba. Ya zarce 'yar barandar baya. Kaya ne a shanye a kan ƙarfe, wanduna da riguna. Ya damƙi wata rigar sanyi, ruwa ya jiƙa masa tafin hannu.

"Wa ya yi wanki?"

"Ni, jiya," in ji Delaney.

Marisol ta ɗago kai. "Jiya? Da safe kwandon a cike yake. Har na ce miki yaushe za su bushe."

"Kin manta ne."

"Ban manta ba."

Sufeto ya goge hannunsa a jikin wando. "'Yata, kawo hannunki in gani."

Ta miƙa na hagu.

"Ɗayan."

Ta tsaya. Kofur Amato ta matso ta ɗaga mata hannun riga. Fatar ta yi ja saboda dirza, amma a jikin maɗaurin agogonta, tsakanin ƙananan ramukan, koren fenti ya maƙale.

"A ɗakin karatu ake fenti yau?" in ji Sufeto.

Delaney ta ja hannun rigar ta rufe agogon.

"Bari in taya ki. Kin dawo da rana kin zuba wanki saboda tafiya. Daga baya kin kunna abubuwa da yawa a tare, har mita ta faɗi sau biyu. Abin da ban sani ba shi ne me kike gaggawar busarwa haka, alhali ga kayan a waje ba ki kula su ba."

Delaney ta zauna a bakin gado. Ta kalli taswirar. Sannan ta jawo jakarta, ta zura hannu cikin wani takalmi, ta ciro abu ta ajiye.

Fasfo ne, ko abin da ya saura na fasfo. Ya kumbura, ya nannaɗe, shafukan sun manne da juna, gefensa ya ƙone. Hoton ya ɗago, fuskar ta zama kamar an zuba mata ruwan shayi.

"A aljihun rigar sanyi yake," ta faɗa a hankali. "Jiya na je da shi tasha na manta. Sai da injin ya gama na tuna. Na sa abin busar da gashi, bai yi ba. Na sa dutsen guga. Na sa shi a tanderu."

"Sai ki faɗa mana mana," in ji Marisol.

"In faɗa muku? Ni da na zage ku tas kan abokin tafiyarmu Colton ya manta katinsa na makaranta? Har mu tsufa ba za ku bar ni ba. Na ga in aka ce sata ce, babu mai ganin laifina. Ranar Litinin ofishin jakadanci ya ba mu na wucin gadi, mu sami sauran biyun a hanya."

"Nawa fa?"

"In nawa kaɗai ya ɓace, ba wanda zai yarda."

"Delaney, ina fasfona?"

"Na jefa shi a akwatin gidan waya na bakin dandali. An ce ɓarayin nan haka suke yi, kuma yakan dawo wa mai shi."

Kofur Amato ta yi tsaki. "Yakan dawo. Wani lokaci kafin mai shi ya yi aure."

Duk da haka Kofur ta sauka da gudu zuwa akwatin. Da ta dawo ta girgiza kai. An riga an kwashe akwatin.

Marisol ba ta yi kuka ba. Ta tashi daga kan jakarta, ta zuge ta, ta fara fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya.

"Da kin tsaya a kan wankin, da dariya kawai za a yi miki," in ji Sufeto. "Amma kin kira hukuma a kan satar da ba a yi ba, kin kuma nuna mutum da yatsa kin san bai yi ba. Wannan na biyun ya fi nauyi a kotu. Kin san yana da 'ya?"

"Na ɗauka tambayarsa kawai za a yi a sake shi."

"Kin ɗauka. Tashi mu tafi."

Kofur Amato ta riƙe ta a gwiwar hannu suka sauka. Gwaggo Fedora tana bakin ƙofarta da tsintsiya, ta bi su da ido har mota.

Sauran biyun sun hau jirginsu da safe. Makaranta ta sallami Delaney, iyayenta suka ɗauki lauya, shari'ar tana nan tana jiranta.

Besnik kuwa, da hannunsa Sufeto ya cire sunansa daga maganar, ya raka shi har bakin titi. Takardar zamansa ta tsira. Amma don a wanke shi sai da aka kira mai shagon ya ba da shaida, maganar kuma ta kai kunnen maigidansa. Ranar Litinin da ya je aiki, sai ya tarar da wani a kan tsaninsa yana ƙarasa fentin matakalar.