Aljanar Gidan Si Layashi

A sanyin bara aljanu suka shiga gidan Si Layashi, a unguwarmu da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Batna. Sun shigo ne a makon da aka kunna murhun gas na ɗumama ɗaki, abin da ke nuna su ma ba masu son sanyi ba ne.

Mutum biyu ne suka rage a gidan. Matar gidan, Masika, ta rasu a watan Oktoba, bayan jinyar da ba ta kai kwana ashirin ba. Ta bar mijinta Si Layashi, mai gyaran wutar lantarki, da 'yarsu tilo, Zarfa, mai shekara goma sha biyar. Da masu ta'aziyya suka watse, uba da 'ya suka zauna kamar baƙi biyu a layin ganin likita, kowa na ganin kowa, ba mai tambayar ɗan'uwansa abin da ke damunsa.

Ranar da abin ya fara, magariba ce irin ta Disamba, wadda ke faɗowa kafin a gama shan gahawar la'asar. Ba a kunna fitila ba tukuna. Zarfa ta kawo wa ubanta kofi, sanye da rigar sanyin uwarta, tana jan silifas a kan kafet. Yatsanta na kusantar nasa, sai wata 'yar shuɗiyar wuta ta yi tsalle a tsakaninsu, ƙas! Kofin ya faɗi. Ya ɗaga kai ya ga gashinta ya miƙe sili-sili, ita kuma tana murmushi. Rabonta da murmushi tun ranar da aka fita da makara.

Si Layashi ya shekara ashirin da shida yana aikin wuta, amma wutar da ya sani mai bin waya ce. Ya kwance makunnan gidan ɗaya bayan ɗaya, bai sami laifi ba. Abin kuwa sai gaba yake. Mariƙin ƙofa ya koma cizon mutane. Kabad ɗin katako na ɗakin marigayiya ya riƙa ƙara kamar ana jifansa da tsakuwa. Yarinyar ta fara haɓo, muryarta ta dishe ta zama ta wata babbar mace. Da faɗuwar rana takan shige ɗakin uwarta ta ja bargo, tana shafa shi a hankali, ƙananan wutace suna bin tafinta cikin duhu. Daga bakin ƙofa yakan ji ta tana raɗa: "Mama, ke ce? Ƙara yi."

Masika tana da wata ɗabi'a: ba ta wuce 'yarta ba tare da ta ɗan mintsine ta a yatsa ko a kunne ba. Uban ya san haka. Sai ya daina miƙa wa yarinyar abu hannu da hannu. Gurasa ma a kan tebur yake ajiye mata, ya janye.

Ana nan sai ga yayarsa, Gwaggo Hadda, daga garin Barika.

"Layashi, ƙofarka ta cije ni."

"Sanyi ne, Hadda."

"Sanyi? Mu a Barika zafi muke sha? Dubi yarinya ta koma kamar tsintsiya. Gida ba mace, ka bar shi a buɗe, ga abin da ya shigo. Ran Juma'a zan koma, kuma da ita zan tafi."

Ya dubi kujeru ukun da ke kewaye da tebur, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya roƙi alfarma ɗaya: a bari a kira Shehi Mabruk, mai ruƙiyya, kafin Juma'ar.

Shehi ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, dattijo mai sanyin murya. Ya zauna kusa da murhu, Zarfa a gabansa lulluɓe da bargon uwarta. Ya daɗe yana karatu, hasken taga yana ja da baya, ba a jin komai sai muryarsa da hucin gas. Sau biyu ya tsaya ya lashi leɓensa. Da ya kai hannu saitin goshinta, wutar ta tare shi, ya janye da saurin da bai dace da shekarunsa ba.

"Wane ne kai?"

Sai muryar nan dusasshiya ta fito daga cikin bargo.

"Mace ce. Matar gidan."

Gwaggo Hadda ta saki salati. Si Layashi ya dafa bango.

"Matar gidan tana inda ba a dawowa," in ji Shehi. "Me kike nema a jikin marainiya?"

"Ba mai taɓa ta. Uban ma tsoronta yake ji. Ni kaɗai ce."

Shehi bai dubi uban ba, kuma an gode masa da hakan.

"To, yanzu sai fita. Me za a ba ki? Zakara? Turare?"

"Me zan yi da zakara, Sidi? Kar a kai ta Barika."

"Ji min aljana da rainin wayo!" in ji Gwaggo. "Me Barika ta yi mata?"

"Hadda, da ke ake ciniki?" Shehi ya juya ga bargon. "In kin fita, ba inda za a kai ta. Na ɗauki wannan a wuyana. Ta ina za ki fita?"

Har aka kira sallah a masallacin tasha, ba wanda ya motsa.

"Akwai tukunya a ƙarƙashin gadonta. A cika ta da ruwa, a jefa ɓawon lemo, a ɗora a kan murhu. In aka ɗora, ba sai an kore ni ba. Zan rasa ta inda zan shigo."

Si Layashi ne ya je ya jawo ta. Tsohuwar tukunyar goran-ruwa ce, cikinta ya yi fari fat saboda daɗewa a wuta. Shekara goma sha tara yana ganin Masika tana ɗora ta a kan murhu duk sanyi, bai taɓa tambaya ba. Ya ɗauka don ƙamshi ne. Gwaggo ma akwai irinta a kan nata murhun, ita ma haka ta ɗauka. Zarfa ce kaɗai ta san iska in ta bushe takan tara wuta a bargo da gashi, tururin tukunyar kuma shi ke hana ta bushewa, domin an koya musu a makaranta, ta kuma ci jarrabawar da maki mai kyau. Ranar da wutar farko ta mintsine ta, ta ɗauke tukunyar daga cikin kayan kicin ta ɓoye.

Aka yi sallah, aka zauna jira. Ruwan ya fara kuka a hankali, gilashin taga ya yi gumi, ƙamshin lemo ya cika ɗakin, sai ya zama gidan Masika sak, ban da Masika. Ba a ranar abin ya gama lafawa ba, ya ɗauki kwana biyu. Gwaggo ta ɗaga tafiyarta zuwa Lahadi don ta gani da idonta.

Ranar Asabar da yamma Zarfa ta kawo gahawa, da rigar nan, da silifas ɗin nan. Uban ya karɓi kofin ya ajiye, ya kama hannunta. Ba abin da ya faru. Ta zame ta koma ta ja ƙafa a kan kafet, sau uku, da ƙarfi, ta dawo ta taɓa shi. Shiru.

"Baba, ta tafi."

"Na sani, 'yata. Tun Oktoba. Masika ta tafi."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci sunan tun daga maƙabarta. Suka yi kukan da ya kamata a ce sun yi shi wata biyu da suka wuce, bai saki hannun ba.

Gwaggo Hadda ta koma ita kaɗai, tana ba kowa labari a mota cewa ta ga malamin da ya fitar da aljana a zama ɗaya. Shi kuwa Shehi Mabruk, ranar Litinin aka gan shi a kantin kayan wuta yana tayin na'urar nan mai fesa tururi a ɗaki. Ashe gidansa ma akwai aljanun.