Gyara Ta Cinye Kuɗin Dawa

Gwaggona Tabawa ce ta fara ba ni labarin nan, muna zaune muna tsinkar zogale.

A wani gari can an yi wata mata mai son gyara, ɗan ƙarin nan da mai kaya yake yi wa wanda ya saya. Ran nan ta ƙulle kuɗin dawa a bakin zane ta nufi kasuwa, ta bar yara suna jiran tuwo.

Tun daga bakin kasuwa mai rake ya ce, "Inna, saya in yi miki gyara."

Ta ce, "Gyara ai riba ce!" Ta saya.

Mai goruba ta kira ta. Ta ce, "Gyara ai riba ce!" Ta saya. Haka mai aya, haka mai ɗinya.

Da ta isa wurin mai dawa ta kwance bakin zane, wayam!

Ta ce, "Malam, to a ba ni gyarar kawai."

Ya ce, "Haba Inna, sai an auna ake gyarawa."

Da yamma yara suka zauna suna gwaguyar goruba. Autan ya ɗago kai ya ce, "Inna, tuwon yau akwai tauri."

Washegari ta sayar da zakaranta, ta cusa auduga a kunnuwa, ta ratsa kasuwa ba waiwaye har gaban mai dawa.