Ludayin da Attaher Ya Ƙi Karɓa

Raƙiya bazawara ce a Tawa, ɗinki take koyarwa. Ciwon haƙarƙari ya ɗauke mata miji, ya bar ta da Talle, ƴar shekara huɗu mai fama da sikila. Ci da sha ba su gagare su ba. Uba ne babu.

Attaher ke neman aurenta. Ma'aikacin lafiya ne, aikinsa bin ƙauyuka yana gano inda sanƙarau da ciwon haƙarƙari suka ɓulla. Sharaɗinta ɗaya ne: mai son ta, da ɗiyarta zai ɗauka.

Ranar da ya dawo daga Affala, Talle ta sheƙo da ludayin fura, ta kurɓa, ta miƙa masa kamar kullum.

Sai ya ja da baya, ya ƙara jan amawali ya rufe hanci.

"Ba yau ba, ƴar baba..."

Bai ɗauke ta ba. Ko tabarmar bai zauna ba.

Raƙiya na tsaye tana kallo.

Yana fita, Saratu ta leƙo. Maƙwabciya ce, ta kuma daɗe da sa masa ido.

"Ai na hwaɗa miki! Danginshi ba su son mai ɗiya marar lahiya. Kuma ƴan kabu-kabu sun ce gida guda yake ta shiga a Affala. Da budurwa ciki..."

Washegari Attaher ya tarar da turamen zanen da ya kawo wa Raƙiya a ƙofar zaure.

"Kwashe kayanka."

"Raƙiya, sanyin idona, mi na yi?"

"Ƙyamar ɗiyata kake! Wa gare ka a Affala?"

Ya dube ta.

"Yara biyu suka kwanta ciwo a gidan nan. Ɗaya mun rufe shi shekaranjiya. Budurwar yayarsu ce, ita ke jinya."

Ba ta saki fuska ba.

"Ƙwayar cutar a hanci take zama," ya ce a hankali, "har ga mai lahiya, bai sani ba. Tari ke kai ta ga wani. Ƙananan yara da tsohi ta hi kayarwa, balle mai sikila. Ga ni da mura. In sha a ludayinta?"

"To mi ya hana ka hwaɗi?"

"Ciwon da ya kashe ubanta ne, Raƙiya. Na kasa ambatonshi gabanki."

Hawaye suka zubo mata.

"Yahe mini... Na saurari maganar banza."

"Ya wuce. Gobe ki kawo ta likita a duba rigakahinta. In na warke, magabatana za su zo."

Talle na bayan ƙofa, duk ta ji. Ba ta san mece ce ƙwayar cuta ba. Abin da ta gane shi ne don kada ta yi ciwo ya tsaya nesa, kuma ba tafiya zai yi ya bar su ba.