Gajere da Allah Mai Ganina

A can wani zamani an yi wani mutum gajere, wanda in ya shiga gonar gyaɗa sai an yi cigiyarsa. Wata Lahadi ya ji mai wa'azi yana cewa ana kiran Ubangiji "Allah Mai Ganina", kuma Ubangijin ya yi alkawari ba zai yashe nasa ba.

Gajere ya ce a ransa, "Dogaye dai yake gani. Ni sai na taimaka masa."

Ya hau turmi, ya ce, "Ka gan ni?" Shiru. Ya hau jaki a tsaye, ya ce, "Ka gan ni?" Jakin ne ya amsa. Ya hau ƙolin rimi yana kaɗa rigarsa, ya ce, "Yanzu fa?" Sai reshe ya karye, ya faɗa wata tsohuwar rijiya da ke gindin rimin, tsundum cikin taɓo.

Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Can ya ce a hankali, "Ubangiji, nan ko ni ba na ganin kaina. Amma ka yi alkawari, zan jira."

Jim kaɗan sai guga ya sauko masa a ka. Wata tsohuwa makauniya ce ta fito ɗiban ruwa, ta ɓata hanya, ta zo wannan rijiyar. Ya shige gugan, ta jawo shi, ta shafa, ta ce, "Ikon Allah! Yau ruwa da hanci?"

Ya ce, "Iya, yaya aka yi kika gan ni?"

Ta ce, "Ɗana, ni ko tafin hannuna ba na gani. Nemi wanda ya gan ka, ka gode masa."