Autar Da Ba Auta Ba

"Juya motar nan, Dogo... na fasa."

Dogo bai juya ba. Kashe motar ma ya yi a ƙofar gidan, ya zare makulli ya jefa aljihu. Sau uku ke nan tana fasawa tun da suka kamo hanya da safe, shi kuwa yana da irin haƙurin nan mai ƙara wa mai fushi fushi.

"Rabin raina, iyayena na son zuwa neman aurenki. Wajen wa zan tura su?"

Auta ta kau da kai. Shekara huɗu rabonta da gidan nan, tun da Inna, a ciwonta na ajali, ta riƙo hannunta ta faɗa mata ita ba 'yarta ba ce, jikarta ce. Wadda ta tashi tana kira Yaya ita ta haife ta tana ɗaliba. Uban ya ce bai san zancen ba, Inna ta rufa asiri ta ce wa duniya ta yi auta. Kwana biyu da binne Inna, Auta ta tattara kayanta ta canja lambar waya. Ta rantse ba za ta yafe ba.

Ta buɗe ƙofar motar, ta rufe, ta sake buɗewa. Daga ƙarshe ta fito ta shiga gidan.

Ƙarar keken ɗinki ce ta tarbe ta. Yaya na zaune bakin taga cikin tarin ƙyallaye, ta rame, ƙafar tabaraunta ɗaya ɗaure da zare. Da ta ɗago, keken ya tsaya. Ta miƙe a daburce, ta kakkaɓe kujera, ta tambayi hanya, ta kawo ruwa, duk kamar ta yi baƙuwar kunya. Wannan ladabin ya fi zagi yi wa Auta ciwo.

Ta ƙi zama. Maganar da ta shekara huɗu tana tsarawa ta watse, sai kawai ta tambaye ta me ya sa ta ɓoye mata. Yaya ta ce Inna ce ta sa ta rantse, don kada a riƙa nuna yarinya da baki a makaranta.

Sai Auta ta tuna manema nawa Yaya ta kora, da yadda ita kanta take tsokanarta wai za ta tsufa a kan keke.

"Shi ya sa kika ƙi aure?"

"Inna ta ce in na yi aure, ke kina nan wajenta..." in ji Yaya. "Ina zan je in bar ki?"

Kunya da tausayi suka rufe Auta. Ta nemi fushin ta rasa.

"Ban ce ki yafe mini ba," in ji Yaya. "Ki ci gaba da cewa Yaya ma, na gode. Ki dai riƙa kirana."

Auta ta durƙusa a kan ƙyallayen.

"Mama..."

Yaya ta waiwaya bayanta, wajen ƙofa, don ta ga wa ya shigo. Babu kowa. Sai a lokacin ta gane da ita ake.