Hular Liman da Kujerar Jami'a

Ni ban yi boko ba, albasa nake lodi a kasuwar Illela. Amma Mukhtari ɗan Liman Sahabi a gabana ya tashi, don haka ku saurara.

Yaron ya karanta kwamfuta har ya gaji, aiki ya ƙi. Sai wata jami'a ta yi shelar ɗaukar malamai a fanninsa. Masu nema sun fi fari yawa. Mukhtari ya ce wannan karon ko da tsiya sai ya samu.

Bayan ƙauyen Gidan Katta akwai wata bukka da ko awaki ba su raɓa. Ciki tukwane ne a kife, jere, kowace da zare baƙi a wuya. Mai bukkar tsoho ne, ido ɗaya fari fat. Can Mukhtari ya nufa.

"Mi yak kawo ka?"

"Kujera nika so, Baba. Ta jami'a."

"Kanka guda ba ya ɗaukar ta. Sai an ƙara maka."

"In jini ne, ba ni ciki."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Ko kaza ba a yankawa. Kawo min hular babanka da kallabin innarka. Waɗanda sunka sha zufa, ba wankakku ba."

Da Mukhtari ya ji ba jini, sai ya ɗauka ba laifi. Ya kai. Tsohon ya tofa musu wani abu, ya kife tukunya a kansu.

Ranar ganawa, manyan malaman da kansu sunka miƙe suna tafa masa. Aka ba shi aiki. Mota ta zo, aka yi wa gidan Liman siminti da fenti.

Wata la'asar muna sahu, Liman ya ta da kabbara, ya yi shiru. Raka'a ba ta ƙarewa. Sai muka ji dattijon da ya haddace izu sittin yana kuka: Fatiha ta ɓace masa. Bai sake ba da salla ba. Daga baya ya fita, hanyar gidansa ta ɓace masa, makiyaya sunka tsinci gawarsa kusa da iyaka.

Duk sanda aka ƙara wa Mukhtari girma, sai wani abu ya goge a kan innarsa Hadijatu. Ta manta tuwo, ta manta alwala. Mukhtari ya ruga wajen tsohon, ya tarar da fili da tukwane, ba bukka. Ya buɗe su duka. Ba komai ciki.

Ya dawo ya durƙusa gabanta. "Inna, ni ne. Ki gafarta mini."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Malam, maigidan ba ya nan. Wa kaka nema?"

Yanzu yana nan bakin tasha, yana koya wa bango darasi da gawayi. An ce duk abin da yake rubutawa daidai ne.

Kai mai neman aiki, ka nema da kanka da Ubangijinka. Duk wanda ya ce maka ba ya son jini, ka tambaye shi mi yake so, sannan ka tashi ka gudu.